Yaye Biyu a Rana Ɗaya

Duk wadda ta zo sayen waina wurina a Funtuwa, da na miƙa mata leda sai idonta ya sauka a kan tabon da ke hannuna na hagu, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu. Wasu su kawar da kai, masu ƙarfin hali su tambaya. Na daɗe ina cewa mai ne ya fallatso min. Ƙarya nake yi, kuma duk mai ido ya san mai ba ya barin shatin haƙora. Yanzu mai haƙoran da kanta ta ce in faɗa, har ta ce in rubuta, ko Allah zai sa wata ta karanta kafin a yi wa tata 'yar'uwar abin da aka yi wa tawa. Sunana Rabi. Ƙanwata Salma ce ta cije ni a Doha, lokacin da nake jinyarta.

Salma ce autarmu, ni na goya ta. Mijinta Nasiru shi ne shugaban direbobin wani kamfani a can, kuma suna da 'ya ɗaya, Husna, wadda a lokacin ba ta cika shekara biyar ba. Ciki na biyu ne ya zo mata da gardama. Aka yi mata aiki, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da ciwon baya da rashin barci. Asibiti suka ba ta ƙwaya iri biyu, ta rage zafi da ta barci, suka ce na ɗan lokaci ne. Mu a gida iyakar abin da muka sani ke nan. Sai bayan kusan shekara Nasiru ya kira ni ya ce, "Yaya Rabi, na nema miki bizar ziyara. Ki zo ki ga ƙanwarki, ni abin ya fi ƙarfina."

A unguwar Mansura suke zaune, a wani gidan sama da aka yayyanka da katako aka zuba iyalai a ciki. Tsakaninsu da maƙwabcinsu, wani ɗan Indiya da matarsa, falle ɗaya ne na katako, in ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. Ku riƙe maganar katakon nan, don shi ya jawo min tabona. Na tarar da Salma ta rame ta yi baƙi, idonta rabi a rufe. Tana cikin yi min magana sai ta yi gyangyaɗi, can kuma ta zabura ta hau wanke bangon banɗaki da ba abin da ya yi. Husna kuwa ta iya jan kujera ta hau ta ɗauko wa kanta biskit, don ta saba ba mai ba ta.

'Yan kwanaki da zuwana na ɗora miyar kuka, na ɗauko robar yaji daga saman kabad. Ina tura cokali na ji ya ci karo da wani abu. Leda ce a ƙulle, cike da ƙwayoyi. Ban gama juya ta a hannuna ba na ji Salma a bayana.

"Yaya, ajiye min kayana."

"Kayan me? Salma, mene ne wannan?"

Sai kawai ta yi tsalle ta shaƙo ni. Yarinyar da ko sunana ba ta iya faɗa sai ta sa Yaya, ita ce ta fizge min ɗankwali ta damƙi gashina tana buga kaina da ƙofar kabad. Tukunyar ta kife, miya mai zafi ta malale a ƙasa muna tattakawa. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, na sheƙa mata mari sai da ta zube. Ko a ƙasan ba fuskarta ta dafe ba, ledar take lalube a cikin miya.

Ranar na ji komai. Da asibiti suka daina ba ta, wata ƙawarta ta makaranta ce take cusa mata su a cikin yaji daga gida, ta ba duk wanda zai taho a matsayin saƙo. Bayin Allah nawa ne suka ratso filin jirgi da robar nan ba su san abin da suka ɗauko ba, Allah kaɗai Ya sani. Don haka duk mai tafiya, in an ba ka saƙon yaji, ko daga hannun wa ya fito, ka zazzage shi a faranti ka gani.

Na ce wa Nasiru mu kai ta asibiti. Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Yaya Rabi, nan ba gida ba ne. Ba a wasa da maganar ƙwaya a ƙasar nan. In ta kai kunnen 'yan sanda ko kafil ɗina, wanda ya tsaya min na zauna a ƙasar, halas, an gama da mu gaba ɗaya."

Maimakon likita, sai ya kira Hajiya Baraka. Ita ce uwar ƙungiyar matan Hausawa da ke can, mijinta ya daɗe a ƙasar, suna da babban gida a unguwar Al Aziziya. Ƙungiyar tana da asusu da mata suke jefa abin da ya sawwaƙa duk wata. In an kwantar da mace a asibiti ko ta tafi gida rasuwa, sai wata ta ɗauki 'ya'yanta, asusun ya riƙa ba ta abin da suke kira kuɗin riƙo, na abinci da na makarantar rainon yara. Abu ne mai kyau, ya rufa wa mutane da yawa asiri, ba zan ƙi faɗa ba. Amma yana da ƙa'ida ɗaya: sai yaro ya bar gidan iyayensa ake bayarwa.

Hajiya ta zo da rana, ita da wata mata 'yar Kumasi da ake kira Anti Memuna. Ta zauna a kan kujera ɗaya tilo da ke falon, ta saurare mu, ta gyara mayafi ta yanke hukunci kamar alƙali.

"Wannan ai yaye ne, ba wani abu ba. Kun taɓa ganin an yaye yaro da lallashi? Rana ɗaya ake yi. A shafa maɗaci, a ɗauke shi a kai shi gidan kaka, ya yi kukansa ya gama. Ku zubar da ƙwayoyin nan yanzu a gabana. Yarinya kuma Memuna ta tafi da ita gidanta a Al Rayyan, ƙungiya za ta ɗauki nauyinta."

Na ce, "Hajiya, ƙwaya dai a zubar, amma a bar mata 'yarta. Ga ni a gidan, me zai same ta?"

"Ke baƙuwa ce, Rabi, ba ki san yadda muke yi a nan ba. Yalla, Nasiru, haɗa mata kayanta."

Salma tana ji tana gani aka juye ledar a masai aka kora ruwa. Wannan ta jure. Da ta ga Memuna ta saɓa Husna a kafaɗa ne ta haukace. Ta rarrafa ta cafke ƙafar yarinyar, Memuna tana ja, ita tana ja, Husna tana tsala ihu tana kiran Mami. Nasiru ya ɓamɓare yatsun matarsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na rungume ta ta baya don kada ta bi su matakala a haka. Aka rufe ƙofa, aka bar ta da takalmin Husna ƙafa ɗaya a hannu.

Satin da ya biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya gan shi. Nasiru yana fita aiki tun asuba, ni kaɗai ake bari da ita. Zufa ta riƙa karyo mata har katifa ta jiƙe, alhali na'urar sanyi tana aiki. Ga amai, ga gudawa, ga hamma da hawaye ba tsayawa. Ta ce tururuwa na yawo a cikin ƙashinta, ta riƙa dukan ƙafafunta da bango har suka kumbura. Ta farfasa farantai, ta tsinke labule, ta zazzage duk wata roba da ke kicin tana neman ko ƙwaya ɗaya ta saura. Na kwashe wuƙaƙe na ɓoye a akwatina. Ta zage ni zagin da ban san ta iya ba, ta ce baƙin ciki nake mata don ni mijina ya mutu na ƙare a gindin tanda. Can kuma sai ta rungume takalmin nan tana shinshinarsa tana cewa, "Yaya, ki roƙe su su dawo min da ita. Ko minti ɗaya in gan ta."

Shawarwari kuwa ta waya sai ka ce ruwan sama. Gwaggonmu ta ce aljani ne, a yi hayaƙi. Wani kawunmu ya ce a ba ta man habbatus sauda da zuma. Mahaifiyar Nasiru ba ta ma tambayi jikin Salma ba, cewa ta yi a sako mata jikarta a jirgi, ita ba za ta bar jininta a hannun 'yar ƙwaya ba. Addu'a na yi ta da gaske, hayaƙi kuwa ban yi ba, don silin ɗin gidan akwai abin da ke ƙara da ya ji hayaƙi.

Babban tashin hankalina shi ne ihu. Sau biyu ɗan Indiyan nan yana ƙwanƙwasa katako, karo na biyu na ji kalmar polis a bakinsa, wannan kam ba sai an fassara min ba. Wata rana bayan azahar abin ya motsa mata fiye da kullum. Ta miƙe ta hau buga goshinta da ƙofa, jini ya fara zuba, ta buɗe baki za ta kurma ihun da duk benen zai ji. Na kayar da ita, na danne ƙirjinta da gwiwa. Na laluba ban sami ko tsumma a kusa ba, sai na cusa mata hannuna a baki.

"Cije ni," na ce mata. "Cije ni, don ubanki, amma kada ki yi ihu!"

Ta kuwa cije. Na ji haƙoranta suna shiga nama, na ji jinina yana gangarowa ta gefen bakinta. Ni ma na cije leɓena don kada in yi ihun da na hana ta. Haka muka zauna a ƙasa, mu biyu muna kuka ba mai fitar da sauti, har ƙarfinta ya ƙare ta sake ni. Na wanke wurin da ruwan gishiri na ɗaure da gefen tsohon zani.

Washegari Juma'a, Nasiru yana gida. Ina ba Salma kunu sai idonta ya juye, jikinta ya sanƙare, ta faɗi tana fizga, kumfa na fita a bakinta. Na ce ya kira motar asibiti. Ya tsaya da waya a hannu yana cewa mu ɗan jira mu gani, wataƙila ta lafa. Allah Ya yafe min, ban san lokacin da na ci kwalar mijin ƙanwata ba. Na haɗa shi da katakon nan har ya yi ƙara, na ce, "Wallahi in ta mutu ni da kaina zan kai ka wurin 'yan sandan da kake tsoro. Kira!" Ya kira.

A asibiti aka shige da ita, mu aka bar mu a kan kujerun ƙarfe cikin wani irin sanyi mai shiga ƙashi, kowa da lambarsa a hannu yana kallon allo. Nasiru duk mai kaki da ya gifta sai ya sunkuyar da kai. Likitar da ta fito mana dattijuwa ce 'yar Sudan, ashe kakarta Bahaushiya ce, tana jin Hausa irin ta tsofaffi mai gauraye da Larabci. Ta dube mu ta saman tabarau.

"Wane ne ya yanke mata magani bugu ɗaya?"

Ni na ce, "Cewa aka yi yaye ne, rana ɗaya ake yi."

"Yaye!" Ta tafa hannu. "Wannan nono ne? Ta barcin nan in an tsinke ta haka tana iya kashe mutum. Shuwayya-shuwayya ake janye ta, kaɗan-kaɗan. Kun kusa kawo min gawa."

Sannan ta ga ƙullin da ke hannuna, ta kwance, ta yi salati, ta sa aka wanke aka yi min allura. Nasiru ya yi ƙarfin hali ya tambaye ta maganar hukuma. Ta ce ita likita ce, wadda ke kan gado kuma majinyaciya ce da danginta suka kawo da kansu. Ban san yadda dokarsu take ba, kuma ba zan ce wa kowa haka za ta kasance masa ba. Mu dai ba wanda ya taɓa mu, kuma tsoron da ya kusa kashe Salma bai zo ba.

Ta yi kwanaki a kwance, sannan aka sallame ta da sharaɗin zuwa wani sashe na masu irin lalurarta wasu ranaku a sati. Maganin da za a riƙa rage mata aka ce a sa a akwati mai makulli, mutum ɗaya ya riƙe. Na zura makullin a zare na rataya a wuya, cikin riga. Ranar sallama likitar ta tambayi Salma me take so a duniya, ta ce 'yarta. Da ta ji yadda aka yi, ta juyo kaina ta ce, "Ke za ki zauna a gidan kullum, ba ki barin su su biyu?" Na ce e. Ta ce, "To a mayar mata da ita. Na ga mata irinta da yawa. Wadda ba ta da abin tashi dominsa da safe, da wuya take jure wannan hanya."

Anti Memuna da kanta ta kawo Husna. Matar nan tana da Hausarta ta Kumasi, wadda mace da namiji duk ya ne a wurinta, da farko har dariya take ba ni. Ranar ban yi dariya ba.

"Yarinya ya ƙi cin abinci," ta ce. "Ya daina magana, kullum yana bakin ƙofa da takalmi guda ɗaya. Na saya sabo, ya ƙi sawa. Ni dai na gaji da ganin wannan abu."

Salma ta ɗauko ɗaya ƙafar takalmin daga ƙarƙashin matashi, ta durƙusa ta sa mata duka biyun. Husna ta daɗe tana kallonta kafin ta yarda ta faɗa jikinta.

A nan sabuwar rigima ta taso. Da Hajiya Baraka ta ji yarinya ta koma gida, sai ta ce kuɗin riƙo ya tsaya, tunda tana gidan ubanta. To amma sashen da muke zuwa ba a shiga da yara, Salma kuma ba a barinta ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai, don sau da yawa a hanya take amai a leda ko jiri ya ɗebe ta. Dole sai an kai Husna makarantar raino a ranakun, kuma asusun ne yake biya. Ga bizata tana neman sabuntawa. Nasiru kuwa yawan fashin da ya yi ya sa an janye masa aikin ƙarin lokaci, abin da ke shigowa da ƙyar yake kai haya da abinci. Wato da an bar yarinya a Al Rayyan tana ramewa, da ƙungiya ta ci gaba da biya, amma da yake tana cin abinci a gaban uwarta, ba ta cancanci ko kwabo ba. Wannan lissafin har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Mahaifiyar Nasiru ta samu ƙofa. Kullum tana kan waya, ta ce ita za ta biya kuɗin jirgi, in zan koma in taho mata da Husna. Nasiru ya fara cewa wataƙila hakan ya fi. Ni kuwa na san in yarinyar nan ta shiga gidan tsohuwar, Salma ba za ta sake riƙe ta ba har abada. Salma ma ta sani, don katakon gidan ba ya ɓoye maganar waya.

A satin da aka sake rage mata magani, ga wannan magana a ranta, abin ya dawo. Da hantsi ne, ina tankaɗe. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Yaya, ba ni makullin."

"Kin sha na safe."

"Rabin ƙwaya kawai zan ƙara. Yaya, kaina zai fashe. Tunda ɗauke ta za su yi, me ya rage? Ba ni!"

Na ce ba zan bayar ba. Ta kai hannu wuyana ta damƙi zaren ta murɗa, ya shige min cikin fata, numfashina ya tsaya. Na ɗauki rariyar na maka mata a ka, gari ya tashi ya rufe mu. Muka faɗi muna kokawa, tana yaƙushina ina dukan hannunta, kujera ta karye a ƙarƙashinmu. Na samu na juye ta na danne, ta buɗe baki za ta yi ihu, haƙoranta a waje.

Ban ji shigowar Husna ba. Sai kawai na ga wani ɗan siririn hannu ya ratso tsakanina da fuskar Salma. Ta naɗe hannun rigarta har gwiwa, ta kai shi daidai bakin uwarta.

"Mami, ki ciji nawa. Na Inna Rabi bai warke ba."

Ban san wa ya faɗa mata ba. Wataƙila ba wanda ya faɗa, ta ga ƙulli ta ga uwarta ta haɗa. Salma ta saki zaren. Ta dubi hannun nan, ta ja da baya da gindi har ta kai bango, ta toshe bakinta da tafukanta biyu. Ba ta yi ihu ba, wani irin gurnani take yi kamar wadda ake zare wa rai. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar farfaɗiyar, don a lokacin na gane Hajiya Baraka ba a komai ta yi kuskure ba.

Juma'ar da ta zagayo ƙungiya tana taro a gidan Hajiya. Na ce zan je, Salma ta ce da ita za a je. Muka tarar da falo cike da mata, ana shan shayi mai madara, kowa ya san labarinmu amma ana ce mata ya jikin, ya bayan. Na jira aka gama addu'a, na miƙe na naɗe hannun rigata.

"Hajiya, ina da tambaya. Mene ne riƙo? Ni dai a garinmu wanda ya ci da yaro, ya yi masa wanka, ya tsaya tsakaninsa da abin da zai cutar da shi, shi ne mai riƙo. Ga hannuna, ku duba. Mutum biyu nake riƙe da su, uwa da 'ya. Kuɗin nan na yarinya ne, ko ladan raba ta da uwarta ne?"

Falon ya ɗauki hayaniya. Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Rabi, kin iya magana. To amsa min. Ke mai tafiya ce. Ranar da haƙoran nan suka sauka a jikin yarinyar, wa zai amsa a gaban Allah? Ni da na sa hannu aka biya?"

Abin da ya faru ranar tankaɗe ya faɗo min a rai, abin da na yi niyyar binnewa. Sai Salma ta miƙe.

"Hajiya, ba ciwon baya nake yi ba. Ƙwaya nake sha, ita ake cire min." Ta faɗe shi a gaban matan da take jin kunya, sannan ta ba su labarin hannun Husna tun daga farko, ba ta rage komai ba. Ta ce, "Tun ranar ko na ji kamar zan mutu, in na tuna hannun nan sai in shiga banɗaki in kulle kaina har ya wuce. In kun ɗauke ta, ban san abin da zan riƙa tunawa ba. Amma in na taɓa ɗaga mata hannu ko sau ɗaya, ni da kaina zan kawo miki ita."

Sai Anti Memuna, wadda take gefe tana ɓare lemo, ta sa baki.

"Hajiya, ƙa'ida ya ce a ba mai riƙo kuɗi. To ni ne mai riƙo, ba a cire ni ba. A ci gaba da ba ni. Ni zan riƙa zuwa Mansura da safe in riƙe yarinya a can, in biya makaranta. In Rabi ya tafi, in riƙe uwar ma. Yarinya ya zauna inda yana cin abinci."

Hajiya ta ce wannan wayo ne, ƙa'ida cewa ta yi yaro ya bar gida. Wata daga baya ta ce ai mu muka yi ƙa'idar, ba saukar da ita aka yi ba. Aka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe Hajiya ta yarda, tana ɓata rai, da sharaɗin duk sati za ta zo da kanta ta duba jikin yarinyar. Kuma ta riƙa zuwa, har da tuɓe mata riga, wani lokaci da kular farfesu a hannu. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskuren yayen nan ba, ni ma ban taɓa daina jin haushinta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Da Nasiru ya ga an samu mafita, ya iya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa a'a, abin da ban zaci yana da ƙashin yi ba. Asusun ya ɗauke masa makaranta, shi kuma ya lallaɓa ya sabunta min biza. Watannin da suka biyo baya ba daɗi ne da su ba. Akwai ranar da Salma ta fasa madubi, akwai ranar da ta kwana biyu ba ta ce min uffan ba. Amma ba ta sake kai hannu wuyana ba, maganin kuma ya ci gaba da raguwa shuwayya-shuwayya, har ya koma ɗan ɓalli da ƙyar ake gani.

Ranar da zan taho na cire zaren daga wuyana na rataya wa Memuna. Salma ta kama hannuna tana shafa tabon tana kuka, ta ce in yafe mata. Na ce, "Ke tafi can, ai kin yi min hatimi. Duba, har wushiryarki ta fito." Da gaske ne kuwa, akwai ɗan fili a tsakiyar shatin, daidai inda haƙoranta na gaba suka rabu. Ta yi dariya da hawaye a fuska, Husna tana riƙe da gefen zaninta.

Har yanzu tana zuwa ganin likitar, kuma ita da kanta ta hana ni cewa ta warke. Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta shi ne, in naka ya faɗa wannan hali, kada ka bari tsoro ko wata mai babban mayafi ta yi masa yayen rana ɗaya, ka kai shi wurin likita. In kuma kuna da asusun taimakon yara, ku bar taimakon ya bi yaro inda yake, ku sa ido a kansa a can.

Jiya wata mai sayen waina ta kalli hannuna ta ce, "Rabi, wai me ya cije ki haka?" Na juya wainar da ke tanda, na ce mata ƙanwata ce. Tana nan da ranta, kuma 'yarta tana hannunta.